Ni na kankare ƙafafun motar mijina, ƙaninsa ya ɗauki laifin

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don Allah a ɓoye sunana da lambata. Ni ba mai yawan rubutu ba ce, karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da yadda zan jero maganar. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyar suka rage mini.

Ni mace ce, na haura shekara hamsin, a Maamobi nake zaune, ina sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin Kasuwar Malam Atta. Mijina ya rasu wata takwas da suka wuce. Bai yi jinya ba, ya dawo daga sallar Azahar ya ce kansa na ciwo, kafin Magariba an rufe masa fuska. Har yau ban yi kukan da mutane suke jira in yi ba. Ina cin abinci, ina salla, ina amsa gaisuwa, amma kamar wata ce take yi, ni kuma ina gefe ina kallonta.

Marigayi yana da wata tsohuwar mota ƙarama. Ba wata motar a zo a gani ba ce, amma rim ɗinta, wato ƙarfen da ke tsakiyar taya, fari ne mai ƙyalli, duk layinmu an san su. Kullum bayan Asuba sai ya fito da bokiti ya tsuguna yana wanke su ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabta har tsokanarsa suke yi, su ce Alhaji, yau ma ana yi wa amarya lalle ne? Shi kuma ya ce mota kamar mutum ce, a ƙafa ake gane tsabtarta. Ni a wannan lokacin ina fama da tukwane zan tafi kasuwa, bayansa kawai nake gani in wuce. Shekara ashirin da shida muna tare, ban taɓa tsayawa na ga da me yake wanke su ba.

Ɗanmu ɗaya ne, namiji, yana aiki a Qatar lokacin da abin ya faru, bai samu jana'iza ba. Da ya kira ni a waya bai yi magana mai tsawo ba, abin da ya ce shi ne, “Mma, kada kowa ya taɓa motar Baba sai na zo.” Na ce to. Aka rufe ta da tampol a ƙofar gida. Makulli kuma aka ba ƙanin marigayi, wanda ɗana yake kira Baba Ƙarami, don ya riƙa tayar da injin duk sati kada batir ya mutu. Shi direban trotro ne, wato bas ɗin haya, a unguwar Tudu, ɗakinsa ne na farko in ka shigo gidanmu, tagarsa tana kallon titi.

Ranar da na fita takaba, da sassafe na leƙa waje. Tampol ɗin ya rufe saman motar amma bai kai ƙasa ba. Ruwan sama ya yi ta watso wa ƙafafun ƙazantar gota, wato kwatar bakin titi, awaki da karnukan layi sun yi abin da suka saba, rim ɗin nan huɗu sun yi baƙi ƙirin. Na tsaya ina kallo. Ban ji baƙin ciki ba, abin da ya zo mini kawai shi ne, da ya gani da bai karya kumallo ba sai ya wanke su. Sai na koma ciki na ɗauko abin da na sani, soson ƙarfe da toka da garin sabulu. A raina na ce ai dalma ce, irin ta tukwanena, kuma babu baƙin da ya taɓa gagarata a gindin tukunya. Na tsuguna inda yake tsugunawa na yi ta dirza tun gari bai gama wayewa ba har hantsi. Yatsuna sun fashe ban ji ba sai da na ga jini a ruwan. Da na ɗauraye suna jiƙe sun yi fari tas, har na ce Alhamdulillahi. Da rana ta busar da su sai na ga abin da na yi. Ƙyallin ya tafi gaba ɗaya, ko'ina zane-zane kamar kyanwa ta yaƙushe su, wani wuri kuma yana ɓarewa kamar fatar albasa. Na ja tampol har ƙasa, na danne da duwatsu, na shiga ɗaki. Ban gaya wa kowa ba.

Watan jiya ɗana ya dawo. Bayan ya je maƙabarta, wurin motar ya nufa, ya yaye tampol. Ina tsaye a bayansa. Ya durƙusa ya shafa rim ɗin gaba da hannu, ya daɗe bai ɗago ba. Daga bakinsa ne na fara jin yadda ubansa yake yi, wai bokiti biyu yake sawa, ɗaya na sabulun ruwa ɗaya na ɗauraya, da tsohuwar singileti mai laushi, da tsohon burushin haƙori na shiga lunguna, kuma ba ya taɓa wanke su in an dawo daga tafiya suna da zafi. Ya ce ko soson wanka Baba bai yarda a kai kusa da su ba. Yana faɗa ina ji, hannuna a cikin mayafi.

Ya kira wani mai fentin mota daga Nima ya duba. Mutumin ya ce, “Ei, wannan ba gota ce ta goge su ba, da hannu aka kankare, wani abu mai kaushi aka sa.” Ya ce akwai wani shafi siriri da ake yi a kan irin wannan rim, shi ne yake ba da ƙyalli, shi aka cinye. Wai za a iya gogewa a sake fesawa, amma ba za su koma yadda suke ba. Ɗana ya juyo ya tambaye ni, “Mma, wa ke riƙe da makulli?” Na ce Baba Ƙarami. Ban yi ƙarya ba, abin da ya tambaya na amsa. Amma na san abin da yake nufi, kuma na yi shiru.

Ɗana sai ya haɗa labarinsa. Da ma ya san Baba Ƙarami ya taɓa roƙon marigayi ya ba shi motar ya riƙa haya da ita, marigayi ya ƙi. Sai ya ɗauka yana fita da ita a ɓoye, ya goge ta da bakin gota a lungunan Nima, sannan ya kankare don ya ɓatar da shaida. A tsakar gida ya tare shi, a gaban masu haya, ya gaya masa maganganun da ba zan iya rubutawa ba, har da cewa tun ba a yi arba'in ba ya sa ido a kayan ɗan'uwansa. Ina cikin ɗaki ina ji. Baba Ƙarami bai rama ba, bai rantse ba, ya ce “Na ji,” ya ciro makullin daga aljihu ya ajiye a kan turmi ya fita. Da ɗana ya shigo wurina yana huci, sai ya ce, “Mma, wanda ya yi wannan aikin bai taɓa ƙaunar Baba ba.” Na ce ya sha ruwa.

To yanzu ga inda maganar ta kai. Ɗana yana neman wata yarinya a Sabon Zongo, ranar Lahadi za a kai goron neman aure. Kowa ya san wanda ya kamata ya shige gaba shi ne ƙanin ubansa, shi ne ubansa yanzu. Amma ya ce ko kusa, ya riga ya je ya roƙi wani abokin marigayi ya jagorance su. In aka yi haka, duk Zongo za a ji, dangin yarinyar za su tambaya, kuma bawan Allahn nan zai shiga bakin mutane a matsayin wanda ya ci amanar mamaci. Irin wannan tabon ba ya fita.

Jiya na kai wa Baba Ƙarami abinci ɗakinsa, rabona da haɗa ido da shi tun ranar da ɗana ya tare shi. Na ajiye kwano zan juya sai ya ce, “Yaya, ranar da kika wanke ƙafafun motar nan ina taga. Na so in fito in ce miki ba a sa musu toka, amma na ga tun rasuwar ranar ce kika fara kama wani abu da hannu biyu, sai na kasa.” Ya ƙara da cewa, “Yaron nan uwa ɗaya ta rage masa. Ni ko ya zage ni gobe zai wuce. Ki bar shi a kaina.” Na fito, na zauna a bakin murhu, na jira hawaye, ba su zo ba.

Ba dukan ɗana nake tsoro ba, ba zai ɗaga mini murya ba. Abin da nake tsoro shi ne ya tuna alkawarin da na yi masa a waya, ya tuna maganar da ya faɗa a ɗakina, ya gane da ni yake ba tare da ya sani ba, sannan ya gane na zauna ina ji yana ci wa ƙanin ubansa mutunci ban buɗe baki ba. Ban san wanne zai fi yi masa ciwo ba. Soson yana nan a bayan randa, ban sake wanke tukunya da shi ba, ban kuma iya jefar da shi ba.

Don Allah iyaye mata da malaman da ke nan, ku gaya mini. In karɓi rufin asirin da Baba Ƙarami ya yi mini, a je Sabon Zongo ba shi? Ko in faɗa kafin Lahadi? In zan faɗa, mu biyu zan kira ɗana ko a gaban Baba Ƙarami, tunda a gaban mutane aka zage shi? Kuma da wace kalma uwa take fara gaya wa ɗanta cewa wanda ya ce bai taɓa ƙaunar ubansa ba, ita ce?