Rabon Faifan Baba

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da sa albarka, na rubuto ne don kunnena da waya ba sa shiri.

Na sayi sabuwar kwamfuta domin in rubuta tarihin gidanmu kafin ƙwaƙwalwata ta bi ni ritaya. Mai gyara ya tambaye ni kashi nawa za a raba faifan ajiyarta, wai giga ɗari biyar ne. Shekara talatin ina aikin safiyo, yankan fili ba baƙona ba ne. Na zana taswira: kai ɗari biyu da hamsin, saboda hotunan jikokin da har yau ka ƙi kawowa, Yayarka ɗari, ni ɗari da talatin. Ita na'urar na ba ta ashirin, ɗakin mai gadi ya ishe ta. Tunda aikinka ne, duba ka yaba.

Mahaifinka.

*

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi, Allah ya ƙara girma. Taswirar ta yi kyau, sai dai mai gadin nan shi ne mai gidan. Manhajar da ke tuƙa kwamfutar kullum ƙara ƙiba take. A giga ashirin ko juyi ba za ta iya ba. A yi kashi biyu kawai: ɗari da hamsin nata, sauran na rubuce-rubucenka. In ta rikice, sai a wanke nata ba a taɓa naka ba. Maganar jikoki kuma ana kan addu'a.

Ɗanka, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Na je share ɗakin Baba na tarar da takarda a kan tebur: Auta ɗari biyu da hamsin, Yaya ɗari. Ni da nake kai shi asibiti, nake ƙirga masa ƙwayoyi! Kai kuwa sai wasiƙa. Na nuna wa Goggo, ta ɗora hannu a ka tana kuka, wai yayanta ya ji ƙamshin mutuwa ya fara rabon gado. Na tambaye shi giga ɗin a wace unguwa suke, ya ce in bar masa ɗakinsa.

Ban roƙi na kowa ba, amma a yi adalci.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ya yara? Don Allah ki sha ruwa. Giga ba fuloti ba ne, ma'aunin wuri ne a cikin kwamfuta, ko akuya ba za ki ɗaure a ciki ba. Na bar miki nawa duka. Abu ɗaya nake roƙo: kada kowa ya taɓa na'urar sai na zo hutu.

Ƙaninki.

*

Auta,

Wasiƙarka ta iso a makare. Ashe Baba bai bi shawararka ba, tasa ya bi. Bayan kwana tara kwamfutar ta fara kukan ba wuri, tana daskarewa. Da ya fita ɗaurin aure na naɗe ta a zane na kai wa mai gyara, na ce ya rushe katangun nan ya raba daidai. Ya ce, "Hajiya, akwai abin da ake so a ciki?" Na ce, "Sabuwa ce fil, me zai kasance a ciki?"

Shafi arba'in na tarihin da Baba ya rubuta, Auta. Duk sun tafi. Baba ya zauna ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa, sannan ya cire tabarau ya ce, "To." Da ma zagina ya yi. Abinci ya ƙi wuce mini. Ka roƙe shi, kai yana jin taka.

Yayarka mai nadama.

*

Zuwa ga 'yata ta fari,

Bayan gaisuwa, Auta ya rubuto yana ba da haƙuri a madadinki. Na yafe, ki ci abinci. Laifin rabi nawa ne, kuma an mayar da faifan kashi biyu yadda ya ce.

Shafi arba'in ɗin da suka goge, talatin a kanki ne: haihuwarki, haƙurinki, da yadda ba ki taɓa sa ido a kan abin ɗan'uwanki ba. Gobe zan fara sake rubutawa. Ina ganin wannan karon shafi huɗu zai isa.

Ki zo da ƙwayoyin hawan jinin, sun ƙare.

Mahaifinki.