Ba Wanda Ya Wuce Ka a Layi

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa inda kake ya fi inda ka bari. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana da rai ma ni za ka miƙa wa in karanta maka. To yau ni na rubuta, ni kuma zan karanta wa kaina.

A Tema nake, cikin motarka, kan kujerarka. Butarka tana inda ka bar ta. Tawul ɗin da kake ɗaurawa a wuya yana rataye a madubi, har yanzu warin fetur yake yi, warin nan da nake toshe hanci saboda shi in ka dawo gida. Yau kwana tara da muka kai ka. Mma tana nan, ba ta cin abin kirki. 'Yarka Rabi ta koma gidan mijinta a Kotobabi bayan addu'ar bakwai. Mai kokon bakin lungunmu kullum sai ta ɗebo naka, sannan ta tuna ta mayar.

Baba Seidu, wanda motarsa ke bayan taka a layi, ya ba ni labari duka. Kwana biyar kana jiran a buɗe maka ƙofar defo, ma'ajiyar fetur, ka ɗauki mai zuwa Bolga can arewa. Tun kwana na biyu kake dafe ƙirji. Ya ce ka je asibiti, ka ce masa in ka motsa layi ya wuce ka, ka koma can ƙarshe, wani mako ke nan ba tafiya, in ba tafiya kuwa ba sisi. Da yaron motarka yana nan da ya riƙe maka, amma Masta mai motar ya sallame shi tun bara, wai kuɗin abincinsa ya yi yawa. Ka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tanki bayan azahar. Da aka zo tashinka sallar la'asar ba ka tashi ba.

Me ya sa ba ka kira ni ba, Baba? Daga shagon waya a Nima zuwa Tema nisan me gare shi? Ko ka tuna abin da na faɗa maka ne?

Abin da ba ka sani ba shi ne wanda ya biyo baya. Masta, Alhajinka mai mota, wanda muke zaune a ɗakin gidansa na Maamobi shekara da shekaru, ya zo addu'ar uku da buhun shinkafa. Ya yi kuka, ban ce na ƙarya ba ne. Washegari ya aiko magatakardansa ya shaida wa Mma cewa ba wata diyya, domin lokacin da ka rasu tankinka ba mai a ciki, saboda haka ba ka bakin aiki. Wai hutawa kake yi. Ka ji fa. Mutum ya bar ɗakinsa da matarsa ya je ya kwanta a ƙasa gefen titi, sauro da ƙura da rana, yana biyan kuɗi kafin ya shiga bayi, wai hutawa. Na tambaye shi ko shi ma can yake kai iyalinsa hutu. Mma ta make ni a baya. Sai ya zaro takarda ya nuna mana yatsanka a ƙasanta.

Na gane takardar nan, Baba. Ita ce abin da ban taɓa faɗa maka ba.

Ka tuna ranar da ka kawo ta gida, shekara shida ke nan? Ka kira ni gaban abokanka, ka ce ɗanka ya iya Turanci ba tare da ya gama makaranta ba. Gaskiya ne, a tsofaffin jaridun da ake naɗe soyayyar doya na koya, da allunan shaguna. Amma Turancin takardar nan ya fi ƙarfina. Rabinsa na gane, rabinsa na tsallake. Na ga yadda kake kallona kana murmushi, na kasa cewa ban iya ba. Na ce maka ba komai a ciki, ka sa hannu. Ka dangwala yatsa ka saya mini tsire. Yanzu na sake karanta ta kalma kalma. Tana cewa aikin direba yana farawa in an rufe tanki da mai, yana ƙarewa in an sauke. Duk kwanakin da ka yi a layi tsawon shekarun nan kyauta ka yi su, kuma ni na ce maka ba komai.

Bayan haka kuma ni ne mai bakin cewa kai jakin Masta ne, ranar da ka ce in bar gyaran waya in zo in koyi tuƙi. Ka ɗauki butarka ka fita. Wane ne jakin a cikinmu? Ka yafe mini.

Amma ba kuka na zo yi maka ba. Bari ka ji abin da abokanka suka yi.

Da aka ɗauke ka, motocin da ke gabanka suka shiga suka yi lodi suka tafi. Saura na baya su kewaye taka su wuce. Baba Seidu ya kashe injinsa ya ce shi bai taɓa tsallake mutum a layi ba, ba kuma zai fara da kai ba. Wofa Opoku, Asante ɗin nan da kuke tsokanar juna kan fufu da tuwo, ya kashe nasa. 'Yan Nijar suka kashe, 'yan Burkina suka kashe. Kai ka san dokarku, an sha dambe a kanta, ba mai wuce wani. To ga motarka a gaba, titi fayau har bakin ƙofa, bayanka kuwa tankoki har inda ido ya gaza. Duk wanda ya zo daga ofis ya yi faɗa, amsa ɗaya suke ba shi: layin Issaka ne, wato naka.

Makullin yana aljihuna. Baba Seidu ne ya ba ni shi tare da hularka da carbinka. Masta yana iya yanko wani cikin rabin awa, ya ma yanko, ya turo sabon direba. Mutumin ya zo ya ga dattawa zaune jikin taya, aka yi masa sannu da zuwa, aka tambaye shi ko iyalan mamaci ne suka ba shi makulli. Ya sha ruwa ya koma. Ba mai hawa kujerar nan sai makullin ya fito daga hannunmu.

Abu biyu muka ce sai an yi kafin layi ya motsa. A biya direba kwanakin layi. Wanda ciwo ya kama kuma ya je asibiti ya dawo ya tarar da wurinsa. Ni na rubuta musu, da Turanci, kuma wannan karon na san ma'anar kowace kalma.

Jiya Masta ya aiko cewa in makulli bai iso hannunsa ba bayan sallar Juma'a, yana bukatar ɗakinsa. Limamin unguwa ya kira ni ya ce in yi haƙuri, mutumin nan ya rufa mana asiri da yawa. Na ce masa Malam, haƙurin ne muka binne ranar Laraba. Na san bai kamata in yi wa babba magana haka ba. Da kana nan da ka zare mini ido.

Mma ce ta fi damuna. Ta ce ita ba ta da ƙarfin neman ɗaki a Accra da tsufanta, ta ce mai rai ake ji wa tsoro. Gaskiyarta. Rabi ta ce za ta ɗauke ta, ni kuwa ko a shagon waya na kwana. Da safen nan da zan fito, Mma ce ta miƙo mini jakata. Sai da na iso nan na buɗe jakata na ga ta sa mini gari da sukari da gyaɗa a leda, daidai yadda take ɗaura maka in za ka layi. Na kwana nawa ne, ban sani ba. Da yawa ta zuba.

Ban san ko za mu ci nasara ba. Wataƙila su kawo motar janye mota, wataƙila yunwa ta sa wasu su tada inji, ba kuma zan zage su ba, suna da yara. Amma makullin nan ba zai fita daga hannuna don buhun shinkafa ko don ɗaki ba. Sau ɗaya na ce maka ba komai alhali akwai. Ba zan sake faɗa wa kowa haka ba.

Ana kiran la'asar. Baba Seidu yana buga mini ƙofa, da butarka zan yi alwala. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta hutun gaske, wanda ba na ƙarƙashin tanki ba. Ka kwanta da hankalinka, Baba. Kai ne na farko a layi, kuma har yanzu ba wanda ya wuce ka.

Ɗanka mai baki,
Awudu