Na Koma Ɗakin Malamai, Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda 'ya ke yi wa mahaifinta, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ke tasar mata in damina ta kankama. Yaya Sani ya shuka gyaɗa a gonarka ta hanyar Fulatan, kuma bana ta yi kyau. Damina ta uku ke nan da ka bar mu. Na san takardar nan ba za ta iso hannunka ba, amma akwai maganar da ba wanda zan yi wa ita ya gane ta kamar kai.

Ƙungiyar nan tamu ta musayar ɗalibai, wadda ke kai yara su yi zango ɗaya a makarantar wata jiha na can kuma su zo nan, ta turo ni gida. An ba ni makarantun Ƙaraye da Rogo. Ranar Litinin ta farko na je wata sakandare a Yola ta Ƙaraye, da fom cike da jaka. Malamai suka karɓe ni da mutunci, aka gaisa, aka tambayi hanya da mutanen gida, aka ba ni kujera da ruwa. Na yi bayanina tsaf. Da na gama ba wanda ya miƙo hannu ya ɗauki fom ko ɗaya. Wani dattijo a cikinsu, Malam Garba mai koyar da lissafi, ya ce, “Mun ji, Malama. Za mu duba.” Ya mai da kansa kan littattafan da yake dubawa.

Baba, muryarka na ji a bakinsa. Haka ka yi wa mutumin farko da ƙungiyar nan ta aiko makarantarku a Rogo, lokacin ina aji huɗu.

Na tuna shi. Ya zo da mota mai kyau da takarda daga sama, ya shige ofishin shugaban makaranta, bai leƙa ɗakin malamai ba. Ya ce a ba shi sunayen yaran da suka fi maki, zai aiko a ɗauka. Da aka miƙo maka fom ɗin, kai da kake babban malamin azuzuwan sama, ka jefa su a durowa ka kulle. Da yamma muna cin tuwo na ji kana gaya wa Inna cewa yaran nan amana ce a hannunku, mutumin da bai tambayi sunanka ba kuwa ba za ka ba shi sunayensu ba. Shekarar ta wuce ba yaro ko ɗaya da ya tafi, ni kuma a raina na ɗora maka laifi.

Da shekara ta zagayo sai suka aiko Malama Risikatu, 'yar Ilori. A kan acaɓa ta iso daga Ƙaraye, gefen zanenta duk taɓo, don ruwa ya ɓata hanya. Ba ta zo da fom ba. Kwana uku tana zuwa ɗakin malamai tana zama. Ta ari jan biro ta taya Malama Asabe makin gwajin Turanci. Ranar da matar malamin kimiyya ta haihu, ita ta shiga ajinmu ta riƙe mana darasinsa. Hausarta a karkace take, namiji ta ce masa ke, mace ta ce mata kai, mu yi ta ƙunshe dariya, ita ma ta taya mu.

Sai a rana ta uku ta tambaye ku abin da kuke tsoro. Ka ce mana kai ka fara buɗe baki, sauran suka biyo. Ka ce sun sa tafiyar a zangon farko, daidai lokacin cirar gyaɗa, lokacin da kowane gida ke bukatar hannun ɗansa. Ka ce manhajar can da ta nan ba tafiya ɗaya suke ba, yaro zai dawo ya tarar an wuce shi. Malama Asabe ta tambayi inda 'yan mata za su kwana da wanda za a kira in ɗaya ta kwanta ciwo. Malama Risikatu ba ta kare ƙungiyarta ba, rubutu kawai take yi. Da ta tafi ka ce wannan ma ba za ta dawo ba.

Bayan wata guda ta dawo. An mai da tafiyar zango na biyu, bayan an gama kaka. An yarda malamanku da na Ilori su zauna su daidaita abin da za a koyar. An yarda ku malamai ku zaɓi yaran, ba takardar maki kaɗai ba, kuma malama ɗaya daga cikinku ta bi su. Sannan ta ce kafin yaro ya taka mota, kai ka fara zuwa ka ga wurin da idonka.

Mako guda ka yi a can. Ka shiga duk gidan da za a sauki yaro, ka ga ɗaki, ka ga banɗaki, ka yi salla a masallacin unguwa. Ka dawo kana ta labarin wani malami da yake koyar da taswira a filin makaranta da toka da igiya, washegari ma ka fitar da mu rana ka gwada. Ban taɓa ganinka da ɗokin aiki kamar wannan lokacin ba.

Daga nan ka shiga bin iyaye. Kullum bayan la'asar ka hau babur ɗinka, yau Fulatan, gobe Falgore. Akwai wani alaramma a Falgore da kuka zaɓi 'yarsa Maryam. Bai damu da nisa ba, abin da ya tambaya shi ne wa zai riƙa jin haddarta. Ba ka ba shi amsa a take ba. Ka kira Malama Risikatu, ta nemo wata mahaddaciya a unguwar da Maryam za ta sauka, ka koma Falgore ka haɗa alaramman da ita a waya, ya ja mata aya ta ƙarasa, ya ce ya yarda.

Ni ce dai ba ka sa cikin masu tafiya ba.

Ni nake zuwa ta ɗaya a ajinmu, kowa ya sani. Malama Asabe ta gaya mini daga baya cewa da aka ambaci sunana a taron malamai, kai ka ce a cire, don kada a ce ka yi wa 'yarka hanya. Kwana huɗu ina kawo maka ruwan alwala ina ajiyewa ba tare da na ɗaga ido ba. Ka lura da hakan.

Wani manomi a Fulatan ne ya warware mana. Ka je roƙonsa ya bar ɗansa ya tafi, ya saurare ka har ka gama, sannan ya ce, “Malam, in wurin lafiya ne, me ya hana ka tura taka?” Ka dawo gida kafin magariba, ka zauna a kan tabarmar zaure ka aika a kira ni. Ka ce, “Uwani, na tsare sunana na manta da hakkinki. Kina so ki je?” Na gyaɗa kai. Washegari ka tsaya gaban malaman da ka yi wa gardama ka janye maganarka da bakinka. Sai yanzu da na girma na san nauyin abin da ka yi ran nan.

Ranar tafiya ka raka mu tasha. Ka duba igiyar da aka ɗaure kayanmu har sau biyu, ka yi wa direba nasiha a kan gudu, ka yi mana addu'a gaba ɗaya. Ni ba ka ce mini komai na daban ba. Sai da mota ta fara tafiya na waiwaya na gan ka tsaye riƙe da hularka a hannu.

Makon farko a Ilori na yi kuka, abincin ma ya ƙi shiga. Amma duk bayan mako biyu Malama Risikatu takan rubuto muku labarin kowane yaro, ku malamai, ba ofis kaɗai ba: wa ke fama da lissafi, wa ya yi zazzaɓi ya warke, wa ya fara gaisuwa da Yarbanci. Kai kuma ka bi gida gida kana karanta wa iyaye. A ɗakina na gida kuwa wata 'yar Ilori mai suna Basira ce take kwana, Inna tana koya mata tuƙin tuwo da murza ƙuli-ƙuli. Har yau takan kira Inna ranar Salla.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Malama Risikatu ba ta daina zuwa ba bayan mun dawo. Ko shekarar da ba a yi musaya ba takan biyo ta sha shayi a ɗakin malamai. Da ka kwanta ciwo ta zo dubiya. Da ka rasu ta zauna kusa da Inna har sadakar uku.

Ranar da ƙungiyar ta ɗauke ni aiki jikinka ya riga ya yi nauyi. Na durƙusa a bakin gado na gaya maka, ka yi murmushi, amma ban tabbata ka gane abin da na ce ba. Wannan yana damuna har yanzu. Na so ka sani, na so kuma in ce na gode, ban taɓa faɗa maka da baki ba.

Shi ya sa da na fito daga makarantar nan ta Yola ran Litinin na ji kunya ta kama ni. Ni da na ga duk wannan da idona, sai ga shi na shiga da jakar fom kamar mutumin farko. Na so a ce kana zaure in zo in zauna in tambaye ka yadda zan yi.

Ranar Alhamis na koma hannu biyu, ba jakar fom. Na zauna, na nemi aiki, aka ba ni tulin littattafan 'yan aji uku. Na sake komawa mako na gaba, da na gabansa. A zuwa na biyar ne Malam Garba ya jira sauran suka fita ya ba ni labari. Shekarun baya wata ƙungiya ta zo ta ɗauki yara biyu, aka yi hotuna, ba a sake jin ɗuriyarta ba bayan an dawo da su. Ɗaya ya dawo an wuce shi nesa a karatu, ya faɗi jarrabawar fita, ya bar boko daga nan. Malam Garba ne ya je da ƙafarsa ya shawo kan uban yaron. Ya ce tun daga lokacin in zai je kasuwa zagayawa yake yi don kada ya bi ta ƙofar gidan mutumin.

Ban ce masa mu ba haka muke ba. Na tambaye shi ko zai kai ni gidan. Ya ce in zo ran Asabar da hantsi.

Mun je, Baba. Mutumin ya shimfiɗa mana tabarma a gindin darbejiya. Na ba shi haƙuri a kan abin da ba ni na yi ba, don a wurinsa duk mu ɗaya ne, kuma yana da gaskiya. Ya ce ɗan nasa yana gyaran babura a Ƙaraye, yana da mata da 'ya'ya biyu, abin da Allah Ya rubuta ke nan. Sannan ya juya ga Malam Garba ya ce shi bai taɓa riƙe shi a rai ba, abin da ya ba shi haushi shi ne daina gaisuwar. Malam Garba ya sunkuyar da kai. Suka yi musabaha, suka daɗe ba su saki hannu ba.

A hanyar dawowa bai yi mini alkawarin yaro ko ɗaya ba. Ya ce dai malamar Turanci za ta tafi hutun haihuwa, in ina da hali in riƙe musu aji uku ranakun Litinin. Na ce ina da hali. Har na juya zan tari mota ya ce, “Ke 'yar Malam Inuwa ce ta Rogo.” Na ce ni ce. Ya ce tun ranar farko ya gane ni, kun taɓa yin makin jarrabawa tare a Kano, benci ɗaya. Bai nuna ba ne don yana jira ya ga ko zan jingina da sunanka. Ya ce, “Allah Ya ji ƙansa. Mutum ne mai taurin kai a kan yara.”

Na riƙe kaina har na shiga mota. Daga nan har Rogo fuskata tana cikin mayafi. Shekara uku ina jin mutane suna cewa kai mutumin kirki ne, amma ba wanda ya faɗe ka daidai kamar wannan dattijon.

Jibi Litinin zan shiga aji, karo na farko a rayuwata a matsayin malama. Ina jin tsoro kaɗan. Da kana nan da ka duba mini abin da na shirya, ka ja layi a inda na yi sauri.

Allah Ya gafarta maka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Allah Ya sa duk yaron da ka tsaya wa ya zama nauyi a mizaninka. Ya ba Inna lafiya da haƙurin rashinka, ni kuma Ya ba ni ikon riƙe 'ya'yan mutane yadda zan iya haɗa ido da iyayensu. Allah Ya sada mu a Aljanna Firdausi, amin.

'Yarka mai kewarka kullum,
Uwani