Hannun da Na Sa wa Nafisa

Al Nahda, Dubai
Disamba, 2013

Zuwa ga 'yata, Maman Nafisa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya maigidan da yara, yaya jikin surukarki? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Albishirinki, wata jami'a a Amurka ta ɗauki Nafisa. Don murna har maƙwabta na raba wa dabino.

Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai. Takardar neman gurbi da wuri, ni na sa mata hannu. Da ɗan Turancina na makarantar yamma na gane "da wuri", na ce ai da sanyin safiya ake kama fara. Ashe alkawari ne: in sun ɗauke ta, dole ta janye daga ko'ina, har da jami'ar nan ta Sharjah da kika so mata, kusa da mu.

Na ce wa Nafisa, "Amarya, kin san haka?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Na sani, Kaka. Da na faɗa maka, ba za ka sa ba."

Ban yi mata faɗa ba, ke ma kada ki yi. Ki yafe mini, ki sa ta a addu'a, ki gaida kowa. A watan Agusta za ta tafi. In da hali ki zo, don ba zan iya rakiyar nan ni kaɗai ba.

Mahaifinki