Ledar Keken Baba

Leeds, Nuwamba 2006

Yaya Nelson,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina Mama, yaya jikin Baba, yaya mutanen Muchia? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon baya saboda ɗaga tsofaffi a wurin aiki. Kada ka faɗa wa Mama.

Na ga hoton da ka aiko. Ka ce bayan wahalar da ka sha, ƙungiyar naƙasassu ta Samaru ta ba Baba keken guragu, kuma kullum ana fita da shi shan iska. Allah ya saka. Amma Yaya, keken da ake turawa kullum, yaya aka yi har yanzu leda na naɗe a tayoyinsa? Kuma katifar wa aka shanya a kan katanga, alhali ka ce famfas ɗin manya da na aiko sun hana shi jiƙa shimfiɗa?

Na san halin Mama. Kwanukan aurenta har yau suna cikin kabad, wai sai ranar baƙi. Zuciyata na ba ni can ta ɓoye katan ɗin famfas ɗin, sai fasto zai zo take ciro ɗaya, kai kuma kana rufa mata asiri.

Ni nan iyayen wasu nake canza wa famfas, ba na barin kowa cikin fitsari. Don Allah ka yage ledar nan, ka fito da katan ɗin. In Mama ta ce na baƙi ne, ka ce mata ba wanda ya fi mijinta.

A hoto na gaba, laka nake son gani a tayoyin nan.

Ƙanwarka,
Ƙauna