Gautan Gidan Mallappa

Solapur, farkon sanyi

Yaya Datta,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina taɓa ƙafafunka daga nan inda nake. Yaya Bombay, yaya aiki, yaya gwiwar nan taka? Ka gaida mini matarka da yara, ka ce wa ƙaramar na ga zanen da ta aiko, na manna shi a bango.

Mu muna nan, sai dai mahaifiyarmu ta ragu ƙwarai. In ka ga Ayi yanzu sai ka sake dubawa kafin ka gane ta. Na kai ta asibiti an sake duba cikin. Likitan ya kira ni gefe ya ce a daina wahalar da ita da dokokin abinci, a ba ta duk abin da ranta yake so. Kai ma ka san abin da likita yake nufi idan ya fara irin wannan kyauta.

To, abu ɗaya ranta yake so, kuma ka san shi. Gautan gidan Mallappa.

Ba ta roƙa. Kewayawa take yi. Sai ta ce, "Sulabha, har yanzu suna cusa riɗi a ciki kuwa, ko sun koma gyaɗa zalla?" Ko kuma ina shafa mata mai a ƙafa ta hau ba ni labarin da na ji tun ina goye: yadda Baba yake kai ta kasuwa kowace Talata, su ratsa layin masu barguna, su tsaya a rumfar mai matse rake a zuba musu da citta, sannan su shige lungun nan mai hayaƙi inda Mallappa yake sayar da abinci. Yadda ake ajiye musu gurasar dawa da zafinta, da ƙananan gauta an tsaga su huɗu an cika da gyaɗa da kwakwa da tsamiya da ɗan mazarƙwaila, mai yana yawo a sama ja wur. Yadda Baba yake cewa shi ya ƙoshi don ta cinye nasa. Tana faɗa tana haɗiyar yawu, Yaya, matar da ko kunun shinkafa ba ya zama a cikinta.

Yanzu bari in tuna maka abin da nake jin ka manta. Lokacin da muka je Gaya, can Bihar, yi wa Baba sadakar mamata, mun zauna a gindin tsohuwar ceɗiyar nan, malamin ibada ya ce kowa ya ambaci abinci ɗaya da zai bari har ƙarshen ransa domin mamacin. Duk duniya ta san yadda ake yi. Kowa abin da ba ya ci yake ambata. Ayi ma ta shirya amsarta tun a jirgin ƙasa, ta raɗa mini tana dariya a karo na farko tun rasuwar: garahuni za ta ce, kamar yadda tata uwar ta ce. Da aka zo kanta, kafin ta buɗe baki, sai muryarka ta riga ta. Ka ce gauta, domin shi suka fi so ita da Baba, kuma hadaya ba ta cika sai da abin da ake so. Mace ce mai takaba da aka cire wa awarwaro, aka goge wa jan goshi na matan aure, kanta a sunkuye a gaban maza. Me za ta ce? Ta maimaita. Da aka zo kanka kuma, sai ka ce garahuni. Kai da ko a faranti ka gan shi sai ka ture da cokali.

Ban yi magana a ranar ba. Yau nake yi.

Ta yi imani cewa in ta sa gauta a baki, Baba zai faɗo daga inda sadakarka ta kai shi, ya koma yawo da yunwa. Na yi mata bayani har na gaji. Na ce mata na karanta littattafan da malaman nan suke jingina da su, a harshen da aka rubuta su, shekara da shekaru ina koyar da shi ga 'yan mata. Sai ta ce, "Ke karatu gare ki, shi kuwa shi ya zuba ruwan sadakar." Kai ne ɗa. Kai ka ɗaure, bakinka kaɗai take jin zai kwance.

Ba na neman ka bar aikinka. Layi ɗaya nake nema. Ka rubuta: Ayi, ki ci, na ɗauke miki. Shi ke nan.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Sulabha

*

Solapur, tsakiyar sanyi

Yaya Datta,

Ina gaishe ka, da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Mun gode da bargon da ka aiko. Ayi ta shafa shi ta ce mai kyau ne. Ban gaya mata cewa a garin nan aka saƙa shi, aka kai Bombay, kai kuma ka dawo mana da shi ba.

Wasiƙarka ta iso. Shafi biyu a kan tsadar haya da jarrabawar yara, sai a can ƙasa ka ce batun nan ba ƙaramin batu ba ne, za ka tambayi wani malami masani idan ya dawo daga tafiya. Ina fata tafiyar tasa ba ta fi kwanakin da suka rage wa Ayi tsawo ba.

Bari in ba ka labarin Talatar da ta wuce. Ta tashi da ɗan ƙarfi, ta ce in ɗauko mata farin zanenta mai kyau, kasuwa za ta. Na ɗauki keke mai ƙafa uku. Lokacin tumun dawa ne, duk bakin hanya masu gashi sun baje, suna murza shi da tafin hannu suna hura ƙaiƙayi. Na saya mata kaɗan, ta riƙe a hannu tana jin ɗuminsa, ba ta ci ba. Mai soya ƙosan albasa ya gane ta, ya ɗaga murya, "Iya, ina kika shige haka? Mun ce ko kin yi kuɗi kin koma cin burodi!" Ta ce, "Kai dai har yau ba ka canza man nan ba, tun daga bakin titi na ji shi." Duk layin suka kwashe da dariya. Na ɗauka na samu uwata ta dawo.

Mallappa ya rasu, ban san ko ka ji ba. Matarsa Nilavva ce a kan murhu yanzu, tana buga gurasa da hannu, ƙarar tana fitowa har waje. Da ta ga Ayi sai ta tashi da gari a hannunta ta rungume ta, ta shimfiɗa mana tabarma a kusurwar da suke zama da Baba. Ba ta tambaye mu ba, ta kawo faranti biyu: gurasa, kindirmo, dakakkiyar gyaɗa da barkono, wake, da gauta biyu-biyu.

Ayi ta dubi nata farantin. Ta sunkuya ta shaƙi tururin, idonta a rufe. Sannan ta sa bayan yatsa ta tura farantin gabana, a hankali, kada ko man ya taɓa ta. Ta ce, "Ci ki gaya mini."

Na ci, Yaya. Ni da na haura hamsin, na zauna a tsakiyar kasuwa ina tauna gauta uwata tana kallon bakina kamar yarinya. Tana tambaya: tsamiyar ta fito? Bawon ya yi laushi ko yana jan haƙori? An bar masa hancinsa? Ina amsawa. Da na ce akwai riɗi sai ta gyaɗa kai, ta ce dama ta sani, Nilavva ba ta ha'inci. Nilavva kuwa ta juya mana baya tana ta buga gurasar da babu wanda ya ce a kawo.

Ita kindirmo ta lasa, cokali biyu. A hanyar gida ta ce mini ta ƙoshi.

Ni ban taɓa ganin amfanin tafiyar nan ta Gaya ba, ka sani, amma na bi ku don kada ta tafi ba mace a gefenta. Abin da ban gane ba shi ne irin mahaifin da kake zaton muna da shi. Mutumin da ya yi shekaru yana ƙaryar ƙoshi don ta ci nasa, shi ne yanzu yake zaune a sama yana gadin farantinta? In har akwai wanda yake jin yunwa a can, to saboda ganin abin da na gani ran Talata ne.

Kada ka aiko da wani bargo. Ka aiko da layin.

Ayi tana sa maka albarka, kullum, ba ta fashi.

Ƙanwarka,
Sulabha

*

Solapur, ƙarshen sanyi

Yaya Datta,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da mutanen gida. Ina fata tarin da ka ce yana damun matarka ya lafa.

Na samu amsarka. Malaminka ya ce alkawarin da aka ɗauka a gindin ceɗiyar nan ba ya kwantuwa, kai kuma ba za ka ɗauki nauyin abin da ba ka da ilminsa ba, kuma in daure, in nuna wa Ayi falalar haƙuri. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa. Daga ɗaki ta jiyo muryar mai kawo wasiƙa, ta ce, "Daga Datta ne? Me ya ce?"

Idonta ba ya ganin rubutu yanzu. Na zauna a bakin gadonta, na buɗe takardarka, na karanta mata gaisuwarka yadda ka rubuta. Sannan na ɗora yatsa a kan layin falalar haƙuri na ce: Ayi, ki ci, na ɗauke miki.

Ta ce in sake. Na sake. Ta karɓi takardar ta kai goshinta, ta sa a ƙarƙashin matashi. Ta ce, "Na san yaron nan yana da tausayi, bakinsa ne kawai mai nauyi."

Ba ta iya zama a keke kuma, don haka ni na je. Nilavva ta zaɓo mafi ƙanana, ta rage barkono, ta naɗe gurasar a tsumma don kada ta huce. Na dawo na jingina Ayi da matasai, na wanke mata hannu. Ta ce a buɗe taga. Ta gutsuri gurasa da kanta, ta dangwala, ta haɗa da ɗan gautan, ta kai baki.

Ta daɗe tana taunawa. Sannan ta ce, "Sun manta gishiri."

Na ɗanɗana. Gishiri daidai, komai daidai, irin na ran Talata. Ta sake ɗauka, ta sake taunawa, ta dube ni ta ce ko Nilavva ba ta da lafiya ne wani ya dafa. Sai na tuna likitan ya taɓa cewa magungunan nan suna kashe harshe. Kindirmo da kunu take sha tun tuni, babu wanda ya lura. Ban san yaushe ɗanɗanon ya tafi ba. Wataƙila a farkon sanyi yana nan, lokacin da na fara rubuto maka.

Ta gane kafin in yi magana. Ta ajiye sauran, ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Kamar auduga." Can kuma ta ce, "Ashe na karya alkawari a banza."

Tun daga ranar ba ta da natsuwa. Ba ciwon ne yake hana ta ba, Baba ne. Sai ta kama hannuna ta ce, "Da gaske Datta ya faɗa? Ya tambayi masani?" In ce ya faɗa. Ta ce to me ya sa abincin ya mutu a bakinta, in ba fushi aka yi ba?

Washegari ta ce in ɗauki ragowar in kai saman soro in ajiye wa hankaki. In sun ci, Baba ya karɓa, bai yi fushi ba. Ni da nake hana ɗalibaina irin wannan magana a aji, na hau da faranti. Na ajiye a kan katanga, na ja baya, na yi ta kira yadda tsofaffi suke yi. Suna nan a kan wayar lantarki, baƙaƙe ƙirin, suna kallona. Kullum sai na kore su daga shanyar barkono. Ranar ko ɗaya bai sauko ba. Na tsaya har rana ta ƙona mini ƙeya, man ya daskare, ƙudaje suka taru. Na juye a bayan tankin ruwa, na sauko na nuna mata farantin, na ce sun cinye tas har suna faɗa.

Ta yi murmushi, amma ta daɗe tana kallon fuskata. Ita ta haife ni.

Likita ya zo jiya, bai rubuta sabon magani ba. Ya ce in akwai wanda za a kira, a kira shi.

Ƙarya biyu na yi wa uwata a kan gadon mutuwarta. Ta hankakin tawa ce, zan riƙe abata. Ta farkon kuwa da sunanka na yi ta, kuma kai kaɗai za ka iya mayar da ita gaskiya. Akwai jirgin ƙasa kullum. Ka zo ka durƙusa inda za ta ji numfashinka, in ta tambaye ka, kada ka kalle ni, kada ka yi gyaran murya. Ka ce, ni na faɗa, Ayi.

Ina jiranka.

Ƙanwarka,
Sulabha