Laitar Baba

Litinin, 3 ga Maris

Baba ya dawo wurinmu da zama. Tun rasuwar Inna mantuwarsa take ƙaruwa, kuma Yaya yana nesa, don haka ni ce zan kula da shi. Na ba shi ɗakin da ke jikin kicin saboda ya fi kusa da banɗaki. Kayansa duka jaka ɗaya da rediyon da ba ta kama tasha. Sai laitarsa, ita kam a aljihu take kwana. Ta ƙarfe ce mai murfi, irin wadda ake zuba wa mai, gefenta har ya suɗe don riƙo. Ya bar taba tun ina firamare amma bai bar laitar ba, da ita yake gwada risho da fitilun da ake kawo masa gyara har ƙarfinsa ya ƙare.

Ɗazu ya kira ni da sunan Inna. Na amsa kawai.

Alhamis, 6 ga Maris

Ƙyas, ƙyas, wuni guda. Ya buɗe, ya ƙyasta, ya kalli wutar, ya rufe. Ina kan keke ina ɗinki ina jin sa ta bango. 'Yata Auta ta samu abin kallo, ta durƙusa a gabansa baki sake. Shekararta huɗu, kuma duk abin da ta gani sai ta gwada.

Asabar, 8 ga Maris

Na je canza masa zanin gado na tarar da ƙuna a katifa, faɗin tafin hannu, soson ya narke ya yi baƙi. Na tambaye shi, ya ce haka ya same ta. Sabuwa ce, ni na yage ledarta da hannuna. Kuma bango ɗaya ne tsakanin gadon da tukunyar gas.

Na kira Yaya. Ya ce, "Ki karɓe laitar kawai, meye na dogon tunani?" Daga nesa komai da sauƙi. Ba shi ne zai kalli idon Baba da safe ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Baba yana wanka na zare laitar daga aljihun rigarsa, na tura ta can bayan saman kwaba.

Laraba, 12 ga Maris

Nema yake yi tun ranar. Ya zazzage jakarsa, ya ɗaga katifa, ya leƙa cikin takalma. Jiya ya tare Abban yara a bakin ƙofa ya ce ya juye aljihunsa. Bawan Allah ya juye. Ni ce na ji kamar ƙasa ta tsage.

Abinci sai ya tsakura ya ture. Da na matsa masa ya ce, "Gidan nan ba a bar wa mutum komai." Bai kalle ni ba da ya faɗa.

Juma'a, 14 ga Maris

Dabarar Abban yara ce: mu cire audugar ciki mu shanya man ya bushe, sannan mu mayar masa da abarsa. Na ce wa Baba a ƙarƙashin kujera na tsinta. Ya karɓa da hannu biyu, ya ƙyasta, tartsatsi ya fito babu wuta. Ya kai hanci ya shinshina. "Babu mai," in ji shi. Mutumin da ba kullum yake tuna sunana ba.

Ya sa a aljihu, ya cinye abincinsa tas. Mun ji daɗin kanmu ni da Abban yara.

Talata, 18 ga Maris

Bari in rubuta abin da ya faru yau.

Na ɗora tukunya, sai wata da na yi wa ɗinki ta zo karɓar kayanta, na fita raka ta bakin ƙofa. Magana ta ɗan ja. Ina dawowa warin kalanzir ya tare ni tun daga tsakar gida. Baba ne tsaye a kicin, ya buɗe galan yana tsiyayawa a cikin laita, rabi a ciki rabi a hannun rigarsa, sauran a ƙasa. Wuta na ci a ƙarƙashin tukunya, taku ɗaya daga gwiwar hannunsa. Auta kuma tana gefensa riƙe da murfin galan, wai taimaka wa kakanta take.

Ban san yadda aka yi na kashe gas ɗin ba. Na fisgi Auta na tura ta waje, na buɗe taga. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni, na ɗaga wa Baba murya. Na ce so yake ya ƙone mu?

Ya ce, "Ni? Ni da na tsufa a cikin wuta ban taɓa ƙona ko tsumma ba?" Sai ya sunkuya ya ga hannun rigarsa sharkaf. Ya daɗe yana kallo. Daga nan ya ajiye laitar a hankali a bakin wurin wanke-wanke.

Na cire masa rigar na kai ta waje, na wanke masa hannu da sabulu har gwiwa. Ya miƙo min ɗayan ma, wanda bai jiƙe ba.

Wayonmu ne ya kai shi kicin. Mun ba mai gyara abin da ya lalace, mun zaci zai zauna yana kallonsa.

Laraba, 19 ga Maris

Kamar dai ana so a ƙarasa min karatun. Da rana tsaka na ji fas! a ɗakin ɗinki. Laitata ce ta roba, wadda nake ƙona bakin ribon da ita don kada ya warware. Na bar ta a kan taga, rana ta dake ta har ta fashe. Gutsattsarin roba har cikin yadin mutane.

Na bi gida ina tsintar sauran laitocina. Akwai a aljihun keke, akwai a jakar hannuna, wata a lungun kujera, wata kwance a gefen murhun gas. Babu wadda hannun Auta ba zai kai ba. Ni da nake wa tsoho faɗa.

Waɗanda suka mutu na ware su daban, ba zan zuba su a sharar da ake cinna wa wuta ba.

Talata, 25 ga Maris

Na sayo ƙaramin akwatin ƙarfe mai makulli. Yana saman kanta a sito, inda babu rana kuma nesa da kicin. Duk laitocin gidan suna ciki, har da tawa. Galan ɗin kalanzir ya koma rumfar baya, shi ma an sa masa kwaɗo.

Abban yara ya samo man laita na ainihi da sabuwar auduga. A tsakar gida muka zauna, Baba da kansa ya canza audugar ya zuba man. Hannunsa bai yi rawa ba ko kaɗan. Ya goge laitar, ya goge yatsunsa, ya ce in rufe gwangwanin in kai shi can nesa, a ɗan jira, sannan ya ƙyasta. Ta kama.

Na ce masa ina da aiki, ina neman mai riƙe min wuta. Ya ce, "Ashe aiki aka kawo ni yi gidan nan." Amma fuskarsa a sake take. To haka za mu riƙa yi: bayan la'asar, a waje, da bokitin ruwa a gefe. Shi ya ƙyasta, ni in goga bakin ribon. In mun gama ta koma akwati.

Asabar, 5 ga Afrilu

Yau da kansa ya miƙo min laitar, ya ce a mayar da ita ɗakinta.

Litinin, 21 ga Afrilu

Yaya ya zo duba shi, ya same mu muna aikinmu. Ya ja ni gefe: "Har yanzu wuta kike ba shi?" Na ce ina zaune kusa da shi nake ba shi, in yana da wadda ta fi ya kawo.

Da ya durƙusa gaishe shi, Baba ya amsa da fara'a, ya tambaye shi ko risho ya kawo gyara. Yaya ya tashi ya zagaya bayan gida, ya daɗe bai fito ba. Har ya tafi bai ƙara tayar da maganar laita ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Wutar ta lashi yatsan Baba bai janye da wuri ba. Na tsoma masa hannu a bokiti, ɗan bororo ne ya tashi. Daga yau ni zan riƙa ƙyastawa, shi ya riƙe min naɗin ribon. Bai yi gardama ba. Na so ya yi.

Talata, 10 ga Yuni

An kwana biyu bai tambayi laitar ba. Abban yara ya ce hankali ya kwanta ke nan. Na ce haka ne.

Da yamma na sauko da akwatin, na zauna kusa da shi, na buɗe a hankali ina ɗan kaɗa makullin. Hankalinsa yana kan tsuntsayen da suke shan ruwa a bakin famfo. Na ƙyasta, na riƙe a inda zai gani. Ya juyo ya kalli wutar, ya kalle ni.

"Yarinya, kashe," in ji shi. "Ba a wasa da wuta a gidan mutane."

Na ce to, Baba. Na rufe murfin. Dama babu ribon da zan ƙona yau.

Na mayar na kulle. Gobe ma zan fito da ita, don dai in duba ko tana kamawa.